Ɗoɗɗoya: ganyen da ake zubawa bayan an sauke tukunya

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena mata da 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Ga wani reshe nan zai zagaya, kowa ya tsinki ganye ɗaya ya murza tsakanin yatsunsa, ya shinshina. Hajiya, me kika ji? Kanumfari, ko? To ai kin gama mini rabin laccar.

Wannan ita ce ɗoɗɗoya, wasu su ce daidoya. Yarabawa suna kiranta efirin, Ibo kuma nchanwu. Dangin na'ana'a ce, kuma kala-kala ce. Tamu mai babban ganye da gefe kamar haƙoran zarto, masana tsirrai sun raɗa mata Ocimum gratissimum. Akwai mai ganye mai laushi da sheƙi, Ocimum basilicum, wadda mutanen Italiya ba sa rabuwa da ita. Larabawa suna kiran irin wannan ganye raihan, kalmar da muke karantawa a Suratur Rahman da Suratul Waƙi'a. A Sahihu Muslim ma an ruwaito cewa duk wanda aka miƙa wa raihan kada ya mayar, domin ba shi da nauyin ɗauka kuma ƙanshinsa mai daɗi ne. Malamai sun yi bayani cewa sunan ya haɗa da duk tsiro mai ƙanshi.

Ƙanshin kanumfarin da Hajiya ta ji ya fito ne daga wani sinadari mai suna yujinol, shi ne kuma yake cikin kanumfarin kansa. Likitocin haƙori sun daɗe suna aiki da shi don rage zogi. A ɗakin gwaji an ga yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, saboda haka kakanninmu da suke dafa ganyen su ba mai murɗar ciki ko kumburi, ba shirme suke yi ba. Haka masu ajiye reshenta a bakin taga saboda sauro. Tana kuma da bitamin K mai yawa, wanda ke taimaka wa jini ya daskare idan an ji rauni. Giram 100 na ɗanyen ganyen irin na Italiya ya haura mikirogiram 400, wato ya ninka buƙatar babban mutum ta yini fiye da sau uku.

A nan nake roƙonku, don Allah. Wanda likita ya ɗora wa maganin tsinka jini irin su warfarin, kada ya tashi rana ɗaya ya dinga kwankwaɗar ruwan ɗoɗɗoya, bitamin K yana rage wa maganin ƙarfi. Mai ciki ta ci a miya yadda ta saba, amma ta bar tataccen man ɗoɗɗoya da ake sayarwa a 'yan kwalabe. Ku kuma masu ciwon suga da hawan jini, na san abin da ake turo muku ta WhatsApp, wai ganye yana warkar da ciwonku. Wallahi raina yana ɓaci idan na ji dattijo ya ajiye ƙwayoyinsa saboda wani ganye. Ku ci ɗoɗɗoya, ku kuma ci gaba da shan maganinku.

Mu koma madafa, inda na fi ganin ana zaluntar ganyen nan. Sai mace ta yanka shi tare da albasa ta watsa tun wajen soya kayan miya, ya yi ta tafasa har minti arba'in. Ƙanshin nan mai ne da ke bin tururi, maƙwabta ne za su sha shi, tukunyarki kuwa sai baƙin ganye ya rage. Idan farfesun kifi ko na kayan ciki kike yi, ki bari sai kin kashe wuta, ki yayyaga ganyen da hannu ki zuba, ki rufe na minti biyu. Za ki ji ƙarnin kifin ya kwanta. Haka a miyar dage-dage da faten doya da wainar ƙwai. Ita da tumatir kamar an halicce su don juna ne.

Mutanen birnin Jenowa a Italiya ma ko wuta ba sa nuna mata. A turmi suke kirɓa ta da tafarnuwa da gishiri da cuku da 'ya'yan wani itace da man zaitun, su kira shi pesto, su cuɗa taliya da shi. Na gwada da soyayyar gyaɗa da man gyaɗa, yarana suka cinye tas har suna neman ƙari.

Kada ku saka ɗoɗɗoya a firiji, sanyi yana baƙanta ganyen cikin kwana ɗaya ko biyu. Ku tsoma gindin reshen a kofin ruwa a inuwa. Bayan mako ɗaya zuwa biyu za ku ga fararen saiwoyi sun fito, sai a dasa a tsohon bokiti da aka huda ƙasansa, a ajiye inda rana ke samu. Da ta fara fure a tsinke kan, don ta yi rassa ta ƙara ganye.

Na zo da rassa a bokiti suna nan bakin ƙofa, kowa ya ɗauki ɗaya idan za a fita. Yanzu sai tambayoyi. Bismillah, Baba, kai ka fara ɗaga hannu.