Ranar da ɗalibin ɗakin wankin ƙoda zai rasa ta cewa

Ɗalibin da ya shiga ɗakin wankin ƙoda, a Asibitin Koyarwa na Bauchi ne ko na Tarayya da ke Gombe, ba ya daɗewa yake iya haɗa bututu da saita inji. Inda ake jin jiki shi ne magana da mutane.

Ga dattijo ƙodarsa ta daina aiki gaba ɗaya. A ƙa'ida wanki uku yake buƙata a mako, kowanne kusan awa huɗu, kuma wankin ba ya farfaɗo da ƙodar da ta riga ta mutu. Sai babban ɗansa ya ja nas gefe: "Don Allah Sista, kar a gaya wa Baba, hankalinsa zai tashi." Alhali gonar Baban ake shirin sayarwa. To wa ya fi shi haƙƙin sani? Irin wannan ake tattaunawa a darasin ɗa'ar aiki: yadda ake faɗin gaskiya da tausasawa, ba tare da an watsa wa dangi ƙasa a ido ba.

Batun dashe ya fi haka nauyi. Ƙane ya zo ba wa yayansa ƙoda, ya ce "na yarda" a gaban iyaye da kawunnai. Mun san tarbiyyarmu, ƙarami ba ya musu da manya, ko da cikinsa ya ɗuri ruwa. Shi ya sa ake koya wa likita ya keɓe da shi, ya tabbatar masa yana iya fasawa kuma ba mai jin dalili.

Doka ma ta yi magana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki, haka Sanarwar Istanbul ta 2008, matsayar da ƙwararrun duniya suka cimma kan dashen sassan jiki. Ku tuna shari'ar Sanata Ike Ekweremadu, wanda aka ɗaure a Ingila a 2023 kan yunƙurin a cire ƙodar wani saurayi a dasa wa 'yarsa. Likita ne a Landan ya zanta da saurayin da aka kai daga Legas, ya ga bai fahimci abin da za a yi masa ba, ya ƙi amincewa da aikin.

A ganina, lacca ɗaya da Turanci ba ta isa. A zaunar da ɗalibai, wannan ya zama majinyaci, wancan ɗan'uwa mai matsa lamba, na uku ya yi bayanin da Hausa ko Fulatanci, malami na gefe yana gyara masa.