Jawabin maraba ga Mai Girma Jakadan Barazil, daga kwamitin manoman waken suya na ƙasar Zazzau

Mai Girma Jakada, ranka ya daɗe, da iyayenmu sarakuna da malaman gona, barkanku da zuwa. Ƙasar da ta fi kowace noman waken suya a duniya ba ta bukatar kirari daga bakinmu, don haka za mu fara da abin da ya tara mu: muna roƙon ɗakin gwajin ƙasa guda ɗaya, da ƙwararre daga wajenku da zai horar da matasanmu su riƙe shi.

Ba yau aka fara binciken noma a nan ba. Tun 1922 ake yin sa a Samaru, shekara 51 kafin a kafa Embrapa, hukumar binciken noma ta Barazil, a 1973. Irin masara na SAMMAZ, da dawa ta SAMSORG, da gyaɗar SAMNUT, duk daga nan suka fito. Gyaɗar Arewa ce ta tara dalar Kano har cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta karya ta. Amma yau manominmu da ƙyar yake wuce tan ɗaya na waken suya a hekta, naku kuwa ya haura uku.

Mun duba yadda manyan ƙasashe suka yi. Indiya ta fara cibiyoyin horar da manoma da ake kira Krishi Vigyan Kendra a 1974, yanzu kusan kowace gunduma tana da tata, kuma tun 2015 take ba manomi katin da ke nuna lafiyar gonarsa. Sin, bayan shinkafa mai yawan albarka da masaninta Yuan Longping ya fito da ita, ta riƙa tura ɗaliban jami'a su zauna a ƙauye tare da manoma, kamar yadda aka fara a gundumar Quzhou a 2009. Hanyarku ce ta fi kama da halinmu, domin yankinku na Cerrado ma dajin savana ne da aka daɗe ana cewa ba ya noma. Embrapa ta tura ɗaruruwan masana karatu waje, aka kashe tsamin ƙasa da garin farar ƙasa, aka zuba fosfaras, aka fito da irin da ya saba da yankin zafi, aikin masaniyarku Johanna Döbereiner kuma ya sa ƙwayoyin halittar da ake shafa wa iri suka maye gurbin yuriya a noman waken suya. Duka ƙasashen uku sun kai sakamakon bincike har bakin kunya. A nan muka makara.

Ranka ya daɗe, ba ido rufe za mu kwaikwaye ku ba. Ƙasarmu ba ta kai ta Cerrado tsami ba, sai dai shekarun zuba yuriya sun fara tsamar da wasu gonaki, fosfaras kuma ya yi ƙaranci kusan ko'ina. Wace gona ce ke son farar ƙasa, wace ce takin supa mai fosfaras kaɗai ya ishe ta? Awo ne zai faɗa. Ana haƙa zurfin santimita 20 a wurare 15 zuwa 20 cikin gona, a gauraya, a shanya a inuwa, a kai rabin kilo. Idan ma'aunin tsami ya sauka ƙasa da 5.5, wato tsamin ya yi yawa, alminiyom yana ƙone saiwa, supa ya maƙale a ƙasa, buhun da aka ci bashi aka saya ya tafi a banza. Farar ƙasa kuma sai an haɗa ta da ƙasa wata biyu zuwa uku kafin shuka, saboda haka sakamakon da ya iso a watan Yuni bai amfani kowa ba. Shi ya sa muke son ɗakin kusa da mu.

Ƙaramar bukata ta biyu ita ce firji mai aiki da hasken rana, domin ƙwayoyin shafa wa iri suna mutuwa a zafin shago, manomi ya tumɓuke wakensa bai ga ko ɗaya daga ƙullin da ƙwayoyin suke yi a saiwa ba, ya ce ƙarya aka yi masa.

Mun san Embrapa ta taɓa buɗe ofishi a Accra, ba ma ƙyashi. Mu ɗaki ɗaya muke roƙo, da na'urar auna tsami da ta fosfaras, da malami na wata shida, a fara kafin kaka ta wuce don sakamako ya riga damina. Allah ya mai da kai gida lafiya.