Darasi: Yadda kwamfuta ke kwatanta jinom, da misalin zazzaɓin Lassa

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Ku matso kusa da allo, don yau akwai rubutu.

Jinom shi ne cikakken rubutun gadon halitta, da haruffa huɗu kawai: A, C, G da T. Na ɗan'adam ya kai haruffa biliyan 3. Na ƙwayar cutar Lassa, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, bai wuce dubu 10 da ɗoriya ba, kuma kashi biyu ne, babba da ƙarami. Asalinsa RNA ne, ɗan'uwan DNA mai ɗauke da harafin U a madadin T, amma a ɗakin gwaji ana mayar da shi DNA kafin na'ura ta karanta, shi ya sa za ku ga T a fayil ɗin.

To, ga aikin farko, jerawa. Na rubuta ACGTTAG a sama, ACGTAG a ƙasa. In ka ɗora su harafi kan harafi, huɗun farko sun dace, daga nan komai ya rikice, sai ka ƙirga bambanci uku. Yanzu ku duba, na buɗe giɓi ɗaya bayan T a layin ƙasa. Kun gani? Sauran duk sun hau kan juna. Ashe harafi ɗaya ne ya faɗi. Wanda bai buɗe giɓin nan ba zai ce ƙwayoyin biyu sun yi nisa da juna, alhali 'yan ɗaki ɗaya ne. Ni a wurina nan ne zuciyar aikin, domin in jerawa ta karkace, duk lissafin da aka gina a kanta ya karkace.

Needleman da Wunsch sun fito da hanyar yin haka a 1970. Ana zana tebur, jinom ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, a ba dacewa maki, a cire maki in an samu saɓani ko giɓi, sannan a bi hanyar da ta fi tara maki. Ga Lassa, dubu 10 sau dubu 10 gida miliyan 100 ne, kwamfutar cinya ma za ta iya. Amma biliyan 3 sau biliyan 3 fa? Ba mai jiran wannan. Shi ya sa manhajar BLAST, wadda ta fito a 1990, take fara neman gajerun wuraren da suka yi daidai tsaf, kamar haruffa 11 a jere, sannan ta faɗaɗa hagu da dama daga nan. Takan rasa wani abin jefi-jefi, amma saurin ya biya.

Bayan jerawa sai bishiyar dangantaka. Ku tuna littafin da ɗalibai ke kwafa da hannu: in kwafi biyu sun yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, daga tushe ɗaya aka kwafo su. Haka kwamfuta ke haɗa ƙwayoyin da suka yi tarayya a canjin harafi. Wahalar ita ce samfuri 10 kacal na iya ba da bishiya sama da miliyan 2, don haka manhaja ba ta gwada duka, tana farawa da ɗaya ne ta riƙa sauya rassa har ta samu wadda ta fi dacewa da haruffan.

A farkon 2018 masu kamuwa da Lassa sun ƙaru sosai a Najeriya, hankula suka tashi: ko sabuwar ƙwaya ce mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane? Masana na asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo, da cibiyar binciken jinom ɗin cututtuka masu yaɗuwa, wato ACEGID, ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, da abokan aikinsu na waje, suka karanta jinom ɗin ƙwayoyin marasa lafiya. Da daga mutum zuwa mutum take tafiya, da an ga reshe ɗaya cunkushe da ƙwayoyi kusan iri ɗaya. Sai aka ga sun warwatsu a tsofaffin rassa daban-daban, alamar yawancin mutane daga ɓera suka ɗauka, kowa da nasa. Har ma aka lura rassan sun rabu bisa yanki, kogin Neja da na Binuwai sun zama kamar iyaka. Wannan amsa ta nuna cewa rufe abinci da korar ɓera daga gida su ne kan gaba, ba tare da an sassauta kariya a asibiti ba.

Mai son gwadawa, ya shiga GenBank, rumbun ajiyar jerin haruffan gadon halitta a intanet, kyauta ne, ya sauke jerin Lassa a tsarin FASTA, wato fayil mai sunan samfuri da jerin haruffansa, ya jera su da manhajar MAFFT. Amma ku kula, kada ku haɗa babban kashi da ƙarami a jerawa ɗaya. Kowanne a gina masa bishiyarsa, domin ƙwayoyi biyu kan yi musayar kashi in sun haɗu a jiki ɗaya, kuma sai an aza bishiyoyin biyu gefe da gefe ake gane hakan.