Wariyar launin fata: me ya sa daidaito ke jan ƙafa?

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Ku tambayi Turawan Amurka ko an samu daidaito, da yawansu za su ce ai an ci ƙarfin aikin, ba ga Obama ya hau mulki a 2009 ba? Ku tambayi baƙaƙen fata, sai su ce da sauran rina a kaba. Bature yana duban abin da doka ta ce, baƙar fata kuwa yana duban abin da ya shiga hannunsa.

An haramta bauta a can a 1865. A 1954 kotun ƙoli ta hana raba makarantu tsakanin Turawa da baƙaƙen fata. To, sai me? A gundumar Prince Edward ta jihar Bajiniya, hukuma ta gwammace ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964 da a ce yaran su zauna aji ɗaya. A 1960 wata yarinya baƙar fata 'yar shekara shida, Ruby Bridges, sai da jami'an tsaro suka riƙa raka ta makaranta. Iyaye Turawa suka kwashe 'ya'yansu, ta zauna ita kaɗai da malamarta a aji. Jama'a, matar nan tana nan da ranta.

Inda gizo ke saƙa shi ne dukiya. Shekaru da dama bankuna suna hana unguwannin baƙaƙe bashin sayen gida, sai a 1968 doka ta haramta. Wanda kakansa bai mallaki gida ba, me zai gada? Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna matsakaicin gidan Bature na da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙar fata kuwa kusan 44,900.

Na ga wasu suna girgiza kai, suna cewa Allah wadai da Turawa. Ku dakata, laifi tudu ne. A nan Arewa sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata, shekara 33 bayan Turawa sun ci Sakkwato. Namu ba na launin fata ba ne, na asali ne. Yaro zai je neman aure, ga ilimi ga sana'a, a karɓe shi hannu bibbiyu. Sai wata gwaggo ta tafi bincike, ta dawo ta raɗa cewa kakansa bawa ne. Shi ke nan, a mayar da kaya, a ce Allah bai yi ba. Wace kotu zai kai ƙara?

Nan kusa da mu, a yankin Ƙonni, an sayar da wata yarinya, Hadijatou Mani, a matsayin baiwa tana shekara 12. Nijar ta mayar da bauta laifi a 2003, amma sai a 2008 kotun ECOWAS ta yanke cewa gwamnati ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta diyya.

Lokaci ya ƙure, ladan ya kusa kira. Mai tambaya ya ɗaga hannu.