Bangon da ke bin kyamara

Tun makon jiya ake ta turo mini wannan bidiyon a WhatsApp: jarumi tsaye cikin hamada, kyamara na ja da baya, ashe a cikin ɗaki yake. Masu sharhi na cewa ai labulen gidan hoto ne, irin wanda ake rataya maka a baya ranar Sallah. Wasu suka ce ƙatuwar talabijin ce kawai. To, mu tsaya a nan.

Gaskiyar magana, bango ne na fitilun LED. Wanda kamfanin ILM, masu haɗa dabarun hoto a finafinai, ya haɗa wa shirin The Mandalorian, da ya fito a 2019, tsayinsa kusan mita 6 ne, ya kewaye 'yan wasa kamar zaure. Amma ba girman ne sirrin ba.

Ku tuna tafiya daga Katsina zuwa Daura, kuna zaune gefen taga. Darbejiyar bakin titi wucewa take fuu, amma kukar da ke can tsakiyar gona sai ka ga kamar tare kuke tafiya. Da wannan bambancin ido yake gane na kusa da na nesa. Labule ba ya iya haka. Ka matsa hagu, ka matsa dama, hoton na nan a shimfiɗe yadda yake.

Yanzu ku dubi saman kyamarar nan. Kun ga waɗannan 'yan alamomin? Su ake bi daga rufin ɗakin, ana sanar da kwamfuta inda kyamara take da inda ta fuskanta. Kwamfutar kuma, da manhajar Unreal Engine, wadda asali don wasannin bidiyo aka yi ta, sai ta sake zana hamadar nan take. Kyamara ta gusa taku ɗaya, dutsen kusa ya gusa sosai, na nesa ya ɗan motsa kaɗan. Bari in maimaita muku a hankali.

Kun gani? Wanda ke tsaye a gefe a karkace zai ga hoton, don ba shi aka zana wa ba, kyamara aka zana wa.

Sai haske. Koren ƙyallen da aka saba ɗaukar fim a gabansa, don daga baya a musanya shi da wani hoto, yakan bar korensa a jikin duk abu mai sheƙi, shi kuwa bangon nan hasken hamadar yake zubawa a kan sulken jarumin. Duk mai ɗaukar fim ɗin Hausa ya san gudun da ake yi kafin magariba ta rufa. A nan, hasken la'asar sakaliya yana jiranka yini guda. Wallahi wannan ɓangaren ya fi burge ni.

Tabarau na VR, wanda in ka sa sai ka ga kamar kana cikin hoton, shi ma haka yake aiki, sai dai kanka yake bi maimakon kyamara. A bidiyon 360, wanda ake ɗaukar kowane ɓangare a lokaci guda, waige kawai kake yi. A VR na sosai, da za a gina maka rijiyar Kusugu a kwamfuta, sai ka sunkuya ka leƙa cikinta.