Imel ba takarda ba ce: laccar daidaita rubutu da aka yi a Damagaram

Assalamu alaikum. Ƴan'uwa ɗalibai, da ku ma'aikatan buro da na hango can baya, sannunku da zuwa cikin wannan zafi.

Duk wanda ya yi lakkol a ƙasar nan ya san tsarin takardar neman aiki: sunanka a sama ta hagu, gari da kwanan wata ta dama, sunan wanda kake rubuta wa ya ɗan sauko, shi ma ta dama. Haka aka koya mana, kuma a kan takarda daidai ne, domin faɗin takardar A4 santimita 21 ne, ko a Damagaram ko a Yamai. Idan ka bar santimita 2.5 a gefe, haka zai fito daga injin bugawa.

Imel kuwa ba shi da faɗin kansa. Rubutunsa kamar ruwa ne, siffar mazubin da ya samu yake ɗauka. Kai ka rubuta a kwamfuta mai faffaɗan allo, darakta ya buɗe a wayarsa yana cikin mota. Shi ya sa ba za ka ga wurin saita gefen shafi a Gmail ba.

To me mutanenmu ke yi? Sai mutum ya danne dogon maɓallin nan na ƙasa, yana tura kwanan wata har ta kai dama. A allonsa abin ya yi kyau. A waya kuwa, sai ka ga sunan garin, "Zinder", a ƙarshen wani layi, ranar ta faɗo layi na gaba, ga fili fetal a tsakani. Wani kuma duk ƙarshen layi sai ya sauka da hannu, kamar zamanin tafireta. Sakamakonsa layi dogo, layi guntu, layi dogo, har mai karatu ya gaji. Kada ka sauka sai sakin layi ya ƙare, sannan ka bar layi ɗaya babu komai.

In har dole sai abu ya koma dama ko tsakiya, akwai maɓallansa. A Gmail na kwamfuta, ƙasan akwatin rubutu, danna harafin A, jerin kayan gyara zai fito. Masu son gajeriyar hanya: Ctrl da Shift da L na hagu, E na tsakiya, R na dama. A madannanmu na Faransanci, Shift shi ne Maj. Kusa da su akwai na tura sakin layi ciki, wanda ya dace da maganar wani da ka ɗauko.

Outlook ya ƙara da daidaita gefe biyu, Ctrl da J, yadda rubutu zai tsaya cak hagu da dama kamar na jarida. Ni dai ban ba ku shawararsa ba. A ƙaramin allo kalmomi kaɗan ne a layi, sai a ja su nesa da juna, ramuka su cika saƙon. Ku bar jikin wasiƙa a hagu.

Malam na ga ka ɗaga hannu, kana tambaya kan rubutun Larabci da ajami. E, Larabci da ajami daga dama suke farawa, amma tura rubutu dama kawai ba ya wadatarwa, za ka ga aya ta koma farkon jimla. Shiga saitin Gmail, wajen harshe, ka kunna rubutu daga dama zuwa hagu, maɓallin juya alkibla zai bayyana.

Sai masu kwafowa daga Word. Rubutun yana zuwa da kayansa, har da tazarar da ba ka gani. Ka liƙa da Ctrl da Maj da V, zai sauka tsurarsa.

Takardar da kuma ake son ta da cikakken tsarin gwamnati, da sa hannu da hatimi, ka shirya ta a Word, ka maida ta PDF, ka maƙala. A jikin imel gaisuwa da layi uku sun isa. Kafin ka aika, tura wa kanka ka buɗe a waya. Yanzu kowa ya kunna kwamfutarsa, mu gwada.