Opera a falo: wasan da ake rerawa daga farko har ƙarshe

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku ɗauka dare ne na hunturu a Jos, sanyin nan mai shiga ƙashi, an idar da isha'i, an rufe ƙofa, shayi na kan wuta. A irin wannan daren na fara kallon opera a waya, kuma tun daga ranar nake son in yi muku bayaninta.

Opera wasan kwaikwayo ne, sai dai a mafi yawancinta ba a magana, rerawa ake yi. Gaisuwa da waƙa, faɗa da waƙa, mutuwa ma da waƙa. Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Hausa mun saba a dakatar da labari a yi waƙa, sannan a ɗora. A nan ba a dakatar da komai, waƙar ita ce labarin. An fara ta a Italiya wajajen shekarar 1600, a gidajen sarauta, kamar yadda makaɗan fada suke wa sarki wasa a ƙofar fada. A 1637 aka buɗe gida a birnin Benis inda kowa zai biya kuɗin ƙofa ya shiga.

Abin da ke fara korar sabon mai kallo shi ne muryar. Za ka ji ta da ƙarfi, tana kaɗawa, ka ce me ya yi zafi haka? Ga dalili. A zauren opera ba a ba mawaƙi makirfo. Babban zauren Metropolitan da ke birnin Niyok na Amurka yana ɗaukar mutum kusan 3,800. Tsakanin mawaƙiya da masu kallo kuma akwai wani rami a gaban dandamali, cike da makaɗa da sukan haura 60, masu goge, masu sarewa, masu ƙaho, masu ganga. Dole muryarta ta tsallake su duka ta isa kujerar ƙarshe, da numfashi kawai da shekarun horo. Wanda ya taɓa jin maroƙi yana kirari a filin hawan sallah, muryarsa tana keta kiɗan tambari da haniniyar dawaki, ya san irin wannan aiki. Makirfon da ya kawo sautin wayarka na ɗaukar hoton ne kawai, mutanen cikin zauren murya tsagwaronta suka ji. Macen da muryarta ta fi tashi sama ana ce mata sofrano, namiji mai irin wannan tashin tenor ne, mai kauri kamar daga rijiya kuma bas. Bayan su akwai 'yan amshi, wani lokaci su cika dandamali maƙil.

A da, sai mai fasfo da kuɗin jirgi ke ganin wannan. A Disambar 2006 gidan Metropolitan ya fara watsa wasanninsa kai tsaye zuwa gidajen sinima. Da annobar korona ta rufe zaurukan duniya a Maris 2020, sai ya riƙa sakin tsohon wasa guda kowane dare kyauta a intanet, wasu gidajen ma suka yi irin haka. Yau akwai shafin intanet na OperaVision, wanda Tarayyar Turai ke tallafa wa, yana kuma da tasha a YouTube. Cikakkun wasanni ne daga gidaje daban-daban, kyauta, kowanne yakan yi 'yan watanni kafin a sauke shi. Taskar Metropolitan kuwa ta biya ce.

Shawarata, ku fara da Aida, ta Giuseppe Verdi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya. A Alƙahira aka fara nuna ta, ranar 24 ga Disamba 1871, labarin kuma na nahiyarmu ne. Aida 'yar sarkin Habasha ce da aka kamo a yaƙi, ta zama kuyangar Amneris, 'yar Fir'auna, ba wanda ya san asalinta a fadar. Ita da uwargijiyarta mutum ɗaya suke so, Radames, wanda aka naɗa ya jagoranci rundunar Masar zuwa yaƙi da ƙasar mahaifin Aida. To addu'ar wa za ta yi? In masoyi ya ci nasara, uba ya faɗi. In uba ya ci, masoyi ya tafi. Ga kishi kuma yana cin Amneris, tana bugun cikin kuyangarta da daɗin baki har ta gano gaskiya. Ba Bahaushen da zai ce bai gane wannan ba.

A kashi na biyu, lokacin da runduna ta dawo da ganima, ku kasa kunne. Verdi ya sa an ƙera wasu dogayen ƙahonin ƙarfe miƙaƙƙu musamman don wannan fitowar. Ranar da na fara jin su, kakaki ne ya faɗo mini a rai, sai da tsigar jikina ta tashi. Gaskiya ne Masar da Habashar cikin wasan irin waɗanda Bature ya hasko ne a ransa, kuma an daɗe ana shafa wa farar mace baƙin kwalli a fuska ta fito a Aida, abin da bai taɓa kwanta mini ba. Shi ya sa nake cewa ku nemi Leontyne Price, baƙar fatar Amurka, wadda da wannan wasan ta yi bankwana da dandamalin Metropolitan a Janairun 1985. Akwai kuma Pretty Yende ta Afirka ta Kudu, wadda tana 'yar shekara 16 ta fara jin opera a wata talla ta talabijin a gidansu, ta kuma yi waƙa a bikin naɗin Sarki Charles a 2023.

Yanzu maganar kallo. Karanta taƙaitaccen labarin tukuna, sanin ƙarshensa ba ya rage komai, domin yadda za a rera shi ake jira. Kunna fassarar da ke fitowa a ƙasan allo, tunda da Italiyanci ake waƙar. Kada ka ƙona datarka kan hoto: awa guda a 1080p tana iya cinye fiye da giga ɗaya, sauke shi zuwa 480p, ka sa iyafis ko sifika mai kyau, don kunne ne mai aikin. Sifikar waya rage kaurin muryar bas take yi sosai. In da iyali za ku kalla, fara leƙawa kai kaɗai, saboda wasu daraktocin zamani sukan sauya shiga da tsari ta yadda ba zai dace da yara ba.

Aida kashi huɗu ce, kusan awa biyu da rabi. Ba dole ka shanye ta a zama ɗaya ba, kashi guda kowane dare ya isa, ko da za a ɗauke wuta cajin waya zai kai ka. Na huɗun dai ajiye shi sai gida ya yi tsit. An raba dandamali hawa biyu: a ƙasa Radames ne cikin ramin da aka rufe shi da rai, sai ga Aida ta riga shi ɓuya a ciki, a sama kuma Amneris tana roƙa masa salama. Kiɗan yana ta raguwa har ya kusa ɓacewa, don haka ƙara sautin tun kafin a kai wurin.